Mai Tsayawa a Bakin Dutse

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan la'asar

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Yau mutum goma sha ɗaya ne suka ce mini in yi haƙuri, kowa na amsa masa da ladabi. Da za a buɗe cikina a ji amsar da nake ba su a can, da babu wadda za ta sake kawo mini kunu.

Wata gwaggon Malam, marigayi mijina, ta kawo mini wuƙa, wai mai takaba ba ta zama babu ƙarfe a kusa da ita. Na tambaye ta a wane littafi ta gani. Ta ce, "Ke dai Hamsatu, karatun nan naki bai bar ki da kunya ba." Na karɓi wuƙar. Mangwaro nake ferewa da ita.

Wannan littafin na shirya darasi ne. Makaranta ta sallame ni har wata huɗu da kwana goma, ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Talata, 15 ga Afrilu, azahar

Yaya Ja'afaru, wan Malam, ya zo tare da mahaifiyarsu, Dada. Shekara tara rabonsa da gidan nan, tun da ya ɗage wando ya ce ƙaninsa ya bar kyamara ko ya bar gaishe shi. Yau ya san hanyar unguwarmu, Gwallameji.

Bai ɓata lokaci ba. "Malama, kafin a zauna rabon gado akwai abin da za a fitar daga gidan nan."

"Me ke nan, Yaya?"

"Akwatin hotuna. Ba a gadon haram. Kuma ba na so a tashe shi gobe ƙiyama a ce ya hura musu rai. A ƙona su, shi ne gatan da ya rage mu yi masa."

Gata.

Na ce, "Yaya, ni a zauren mahaifina a Ƙofar Dumi na yi karatu, ba a bakin rediyo ba. Surar mai rai aka hana. Dutse da itace da gajimare babu malamin da ya hana. Shi kuwa dutse yake ɗauka, dutse ɗaya tal, shekara goma sha bakwai."

"Kin tabbata babu mai rai a ciki?"

"Na tabbata."

Ya dube ni wani iri, kamar zai faɗi wata magana, sai ya haɗiye ta. Ya ce, "To shi ke nan. Ran Juma'a tara ga watan gobe zan dawo, Dada ce shaida. Duk wanda aka ga mai rai a ciki, wuta. Wanda babu, naki ne."

Na ce na yarda. Har sau biyu na faɗa, don ya ji da kyau. Dada carbi kawai take ja tana kallon ƙasa.

Laraba, 16 ga Afrilu, hantsi

Jiya na kayar da shi. Ban san abin da ya sa ban ji daɗi ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, hantsi

Asabar ce. Ba na son Asabar.

Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. A nan zan faɗi abin da ba zan faɗa wa kowa ba: ban taɓa zama na dubi hotunan nan ba. In ya karɓo su daga wurin wanki yakan shimfiɗa su a kan tabarma ya ce, "Malama, zo ki ga Tsohuwa ta sake zane." Ni kuwa in leƙo daga kan takardun yara in ce, "Dutsen jiya ne dai." Sai ya yi dariya ya kwashe.

Tsohuwa shi ne sunan da ya laƙaba wa dutsen, can bayan Zaranda, inda babur ke ƙarewa a kama tafiyar ƙafa ta awa biyu. Ya ce ta yi kama da tsohuwa mai ɗauke da itace ta duƙa tana hutawa. Sau huɗu a shekara yake zuwa, damina, kaka, rani, bazara, kullum ran Asabar, kullum ya fita bayan asuba. Ma'aikacin safiyo ne, mai awon ƙasa, har cikin ƙashinsa. Ya sassaƙa ramuka uku a kan wani falale don ƙafafun sandar kyamara, kada ta goce ko da faɗin yatsa. Saboda haka dutsen yana nan wuri ɗaya a kowane hoto. Abin da ke kansa ne ke canzawa.

Sittin da bakwai ne, kowanne girman tafin hannu, da kwanan wata a baya cikin ƙananan rubutunsa.

Na jera na damina a layi ɗaya. Wallahi ban san akwai kore iri-iri haka ba. Ruwa ya zubo daga ƙeyar dutsen ya ja baƙaƙen layuka har ƙasa, kamar kitso. Gajimare ya sauko ya rufe mata kafaɗa. A wani kuma hadari ya haɗu baƙi ƙirin a baya, rana ta sami ƙofa ta haska gefe ɗaya kawai, dutsen ya yi ja kamar an fito da shi daga maƙera. Yaya aka yi ya san zai samu wannan? Awa nawa ya zauna yana jira?

Mutumin nan ya iya. Na zauna da shi shekara ashirin da shida ban gaya masa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan azahar

Na kaka. Gamba ta yi tsawo ta yi ruwan zinariya, iska ta kwantar da ita gefe ɗaya kamar an taje. Sama wankakke tas. Na rani kuwa bayan an ƙona daji ne, ƙasa baƙa, itatuwa tsirara, sai gurjiya ɗaya da ta yi jan fure babu ganye ko ɗaya a jikinta.

Akwai wani gawo a ƙasan hoton, hannun hagu. Da damina kowa ya yi ganye shi ya kaɗe nasa, da rani kowa ya bushe shi ya yi shar. Na bi shi shekara goma sha bakwai ina kallon yana ƙara kauri. Malam yakan ce halinmu ɗaya da gawon nan. Lokacin na ɗauka zagi ne.

Zagi ne mana. Amma ya ɗauke shi da kyau.

Talata, 22 ga Afrilu, hantsi

Na sami madubinsa na duba taswira, mai ƙara girma, a aljihun akwatin. Na ɗauko don in ga furen gurjiyar.

Talata, la'asar

Akwai mutum a ciki.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan asuba

A cikin dukansu. Na duba sau uku. Hannun dama, a bakin wani tsauni da ya miƙo kamar harshe, akwai ɗan baƙin abu bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da ido sai ka ce kututture ne. Da madubi kuwa ga kai, ga kafaɗa, ga ƙafa biyu.

Sittin da bakwai, babu wanda ya tsira. Ni da bakina na ce na yarda, sau biyu.

Malamar da ta haddace babi da fasali, ta yi wa mutum gorin rediyo, ba ta taɓa duba abin da take karewa ba. Da ɗalibata ce ta yi haka da na ja mata jan biro tun daga sama har ƙasa.

Juma'a, 25 ga Afrilu, hantsi

Ban ci komai ba sai mangwaro.

Lahadi, 27 ga Afrilu, azahar

Hammajoda ya zo. Bafulatanin da rugarsu ke gindin dutsen, wanda na sha jin sunansa ban taɓa ganinsa ba. Dogo ne, ya manyanta. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ƙi shiga, ya ƙi shan ruwa. Ya kwance wani ƙunshi a cikin rawani, sai ga kyamarar. Ko ƙwarzane babu.

Ya ce, "Inna, tun ranar yana wurina. Na kasa kawowa."

Na tambaye shi mutumin da ke cikin hotunan.

"Ni ne, Inna. Shekara tara ni ne. Malam ya ce dutse ba ya nuna girmansa sai an ajiye masa ɗan Adam a gefe. In babu mutum, wai mai kallo zai ce tsakuwa ne aka matso da shi kusa. Sai in je in tsaya a harshen nan, taku sittin daga wurin ramukan. In ya ɗaga hula in daina motsi."

Na ce, "Ranar da ya rasu fa?"

Ya daɗe yana jan ƙasa da yatsa.

"Saniya ne ya zo haihuwa, ɗan ya juye. Na ce in gama in hau. Da na iso rana ya riga ya yi sama. Kyamara yana tsaye a kan ƙafafunsa, a cikin ramukan. Hularsa a gefe."

Bai ƙara ba, ni ma ban nema ba. Ya nuna mini wata 'yar ƙugiya a gaban kyamarar. Ya ce Malam ya taɓa gwada masa: in an murɗa ta, kyamarar na jira daƙiƙa goma sannan ta ɗauka da kanta.

Daƙiƙa goma. Taku sittin. A kan dutse. Mutum mai shekara hamsin da takwas da ciwon gwiwa, wanda nake shafa wa man zafi kowane dare. Ya ruga ya tsaya a harshen da kansa, dutsen ya kwashe shi.

Na ce wa Hammajoda babu laifinsa, kuma da gaske nake. Na san mai laifin. Ba ya nan ne balle in gaya masa.

Litinin, 28 ga Afrilu, hantsi

Da ka jira, Abdulsalam. Da ka dawo wata Asabar ɗin. Bazara ba ta gudu.

Ban taɓa rubuta sunansa ba sai yau.

Laraba, 30 ga Afrilu, la'asar

Juliana maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya, ta karɓi fim ɗin da ke cikin kyamarar za ta kai wanki, tunda ni ba fita. Na ba ta labarin Juma'ar da ke tafe. Ta riƙe baki.

"Maman Habiba, kawo akwatin in sa a ƙarƙashin gadona. Ki ce gara ta cinye. Alhajin zai shigo ɗakina ne?"

Na yi dariya, karon farko. Na ce, "Na ba da kalmata a gaban uwarsa."

"To ki sa allura ki ƙwaƙule kawunan. Na ji ana yi."

Ana yi. Na san ma hujjar masu yi. Bayan ta tafi na ɗauko allura, na zaɓi wani na rani da nake ganin ya fi sauran rauni. Na ɗora tsinin a kan ɗan kan. Sai na ga yadda ƙwayar shinkafar nan ta sa dutsen ya tashi ya cika sama. Na rufe ta da yatsa, Tsohuwa ta koma tsakuwa. Na ɗaga, ta dawo. Gaskiyarsa ne. Ko a nan ma gaskiyarsa ne, abin haushi.

Na mayar da allurar.

Juma'a, 2 ga Mayu, hantsi

Hammajoda ya ce shekara tara. Hotunan na shekara goma sha bakwai ne. Sai yau lissafin ya faɗo mini, ni da nake koyar da yara.

Wa ya tsaya shekara takwas na farko?

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

Dada ta zo duba ni ita kaɗai, a tasi. Na shimfiɗa mata na farkon, na ba ta madubin. Ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Ba sai na duba ba, 'yar nan. Hannu ɗaya a ƙugu, ko ba haka ba? Tun yana yaro haka yake tsayuwa, kamar mai jiran a biya shi."

"Yaya Ja'afaru?"

"Wa ke da babur a lokacin? Shi yake goya shi. Su dawo da almuru sun yi baƙi, suna faɗa a kan wanda ya manta gora. Kyamarar ma shi ya sayo masa daga Makka."

Na ce, "Dada, kin sani ranar nan kika yi shiru?"

"Ke kika bar wa wani wurin magana?"



To ashe Yaya ya sani. Ya san akwai mutum a ciki tun kafin ya tambaye ni ko na tabbata. Ya bar ni na haƙa ramin da hannuna.

Lahadi, 4 ga Mayu, hantsi

Na shirya abin da zan faɗa masa. Zan jera talatin da biyun nan na shekara takwas ɗin farko a gabansa, in miƙa masa madubin, in ce, "Yaya, fara da kanka." In za a ƙona, shi zai ƙyasta ashanar, yana kallon hannunsa a ƙugu. Na maimaita maganar a madafa har na ƙona miya.

Litinin, 5 ga Mayu, la'asar

Ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi. Da yanzu yana tsakar gida yana kallon yamma yana cewa, "Tsohuwa ta sha."

Laraba, 7 ga Mayu, azahar

Juliana ta kawo hotunan. Yawanci na sunan jikar Yaya ne da Malam bai je ba, ashe ya ba wani kyamarar ya ɗauko masa. Na ƙarshe shi ne na dutsen.

Bazara. Sama fari fat saboda zafi, dutsen ya yi toka-toka, kowace tsaga ta fito kamar jijiyar bayan hannu. Gawon ya fara zubar da ganye, ya ji ƙamshin ruwa kafin kowa. Can nesa, bayan kafaɗar Tsohuwa, ɗan gajimare guda ɗaya, na farko a shekarar. Shi ya gani. Shi ya hana shi jira. In ya tsaya Hammajoda ya hau, gajimaren ya wuce.

Ya fi duk sauran kyau. Na tsane shi.

Na sa madubi a kan harshen dutsen. Babu kowa. Na duba gefe da gefe, na duba ƙasa. Babu kowa.

Shi kaɗai ne zai tsira ran Juma'a.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan asuba

Gobe.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Sun zo bayan an sauko masallaci. Na riga na shimfiɗa sittin da takwas a kan tabarma biyu, layi huɗu, damina a sama. Na ajiye kasko da ashana a tsakar gida inda zai gani, kada ya ce na yi masa wayo.

Ya rame. Ban lura ba sai yau.

Ya durƙusa a bakin tabarmar. Na miƙa masa madubin, maganata tana kan harshe. Na ce, "Yaya, ga shi. Akwai mutum a cikinsu, ban sani ba lokacin da na yi maka rantsuwa. Fara da..."

Ya ture madubin da bayan hannu.

"Ajiye wannan, Malama. Ba a ce a yi hukunci da madubi ba. Abin da ido ya gani shi ake tambayar mutum."

Ya ɗauki na farko, damina, ya nisanta shi da fuskarsa iyakar tsawon hannu. Ya daɗe. Ya ce, "Ni dai ban ga ido ba, ban ga baki ba. Wani abu ne kamar kututture."

Dada ta ce, "Kututture mai hannu a ƙugu."

"Dada, don Allah."

Ya bi su ɗai-ɗai. Bai yi sauri ba. A wani na kaka ya tsaya ya ce, kamar da kansa yake, "Ranar nan goggon biri ya sace mana ƙosai." A wani ya ce, "Nan na zame, ya yi ta dariya maimakon ya kama ni." Da ya wuce talatin da biyun ya shiga na Hammajoda, sai labaran suka ƙare. Waɗannan bai taɓa ganinsu ba. Ya kai hannu ya taɓa gawon ya ce, "Ya girma."

Ni ina tsaye da madubi a hannu da jawabin da na ƙona miya a kansa, babu inda zan sa shi.

Ya kai na ƙarshe. Ya ɗaga shi, ya nisanta, ya matso da shi. Ya juya bayansa, babu kwanan wata, babu rubutu. Ya sake juyowa.

"Wannan me ya sa babu kututturen?"

Na ce, "Ba a sami mai tsayawa ba, Yaya."

Ban faɗa don in soke shi ba. Ko kuwa na faɗa don haka ne, ban sani ba. Ya ajiye hoton a hankali, daidai inda ya ɗauke shi. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa kawai nake gani. Dada ta ci gaba da jan carbi, ba ta dube shi ba, ni ma na juya na kalli bango har ya gama.

Da ya tashi ya ce, "Mayar da su akwati. Ki sa musu maganin gara." A tsakar gida ya ga kaskon, ya ɗauki ashanar ya sa a aljihu.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"Yaushe kike fita takaba?"

"Wajen tsakiyar Agusta."

"Lokacin ta yi kore ke nan." Ya gyara takalmi. "Bafulatanin nan ya san ramukan?"

Na ce ya sani.

"Ke kin iya danna abin?"

Na ce ban iya ba. Ya ce, "To ki koya. Ni tsayuwa kawai na iya."

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Na rubuta kwanan wata a bayan na ƙarshen, biyar ga Afrilu. Rubutuna ya fi nasa girma, ya cika wurin.

Na ɗauko littafin kyamarar, shafi tamanin, Turanci da zane-zane. Na fara daga shafi na ɗaya. 'Yar ƙugiyar nan kuwa na naɗe ta da zare, na ɗaure tam.